Ƙarfe Huɗu da Minti Goma

Ranar Laraba da hantsi aka aiko wa Sufeto Abdulghani cewa jirgin Nasim ya shigo tashar Jidda da gawa a cikinsa. A 1962 ne, tsakiyar zafi.

Nasim ba jirgin alhazai ba ne. Farin jirgi ne na shan iska. Masu hali su biya, ya zaga da su kwana goma, Bur Sudan, Masawa, Adan, ya dawo da su gida. Ba abin da suke yi a ciki sai ci da miƙe ƙafa a kujerun zane, suna kallon kifayen nan masu tashi sama. Ƙarfe huɗu na yamma a kaɗa ƙararrawa, kowa ya fito shan shayi da askirim.

Sufeto jikan Kanawa ne da suka zo hajji a ƙasa ba su koma ba. Shi ake turawa duk inda magana ta shafi Hausawa.

Kyaftin ɗin jirgin, wani Bagirke mai gumi, ya kai shi ɗakin ƙanƙara. Nan aka kwantar da gawar. Alhaji Na'ibi ne, mai turare a unguwar Bagdadiyya ta Jidda, dattijo ɗan shekara saba'in. Ƙeyarsa a fashe, wuyan rigarsa a yage.

"Jiya ƙarfe biyar aka gan shi," in ji kyaftin da gurgun Larabcinsa. "Ƙasan matakalar ƙarfe, can bayan jirgi inda muke ajiye igiyoyi. Ba faɗuwa ya yi ba, jefa shi aka yi."

Ya miƙo agogon aljihun marigayin, na azurfa. Gilashin ya tarwatse. Agogon ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma.

"Ƙarfe huɗu kowa yana wurin shayi. Mutum ɗaya ne ba ya nan, shi ne mai raba shayin. Na kulle shi. Sa hannu ka tafi da shi, gobe zan tashi."

Sufeto ya dubi takardar da kyaftin ya miƙo, bai karɓa ba. Ya san hanyar da take bi. Daga hannunsa sai alƙali, daga alƙali sai fili bayan sallar Juma'a, da mai takobi.

Rafi'u sunan mai shayin. Bahaushen Sudan ne, magidanci mai furfura a gemu. Yana tsugune a wani ɗan ɗaki mai warin fenti.

"Ina kake jiya ƙarfe huɗu?"

"Kicin, ranka ya daɗe."

"Kuku uku ne a kicin. Duk sun rantse ba su gan ka ba."

Rafi'u ya kau da kai.

"An ce kun yi faɗa da Alhaji."

"Faɗa? Kullum ne wannan. Ya ce shayina ruwan wanki ne, in ce masa harshensa ne ya tsufa. Ya yi dariya ya miƙo kofi in ƙara."

"Malam, wuyanka ake magana. Ina kake?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Ɗakin ƙanƙara. Askirim ɗin fasinja nake sha. Shekara huɗu ina raba shi ban taɓa ɗanɗanawa ba. Jiya ranar ƙarshe ce ta tafiyar, na ce bari in ji. Da na zauna a sanyin nan sai barci ya sace ni. In kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya ji, halas, iƙamata ta zama a Jidda ta tafi."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Shi ba ya zuwa kotu. Yaushe rabonka da Alhaji?"

"Wurin abincin rana. Bayan azahar kullum nakan ajiye masa yankan kankana a kujerarsa, ƙarfe biyu. Ba ya barin ta ta jima. Jiya da na wuce wajen uku da rabi tana nan, ƙuda sun rufe ta."

Sufeto ya rubuta wannan, ya fita. Ya ji an sake murɗa makulli a bayansa.

A babban falo aka nuna masa abokin kartar marigayin. Matashi ne mai tsabta, farar riga, gashin baki a gyare. Ya miƙe ya ba da takardunsa tun ba a tambaya ba. Abdulwahid Hamad, haifaffen Jidda, unguwar Bagdadiyya.

"A Bur Sudan na shiga," in ji shi. "Shekara uku ina can ina kasuwancin fata. Na ce bari in dawo gida a hankali, in sha iska."

"Kun saba da Alhaji?"

"Kamar uba. Kullum da hantsi muna karta. In ya ci ya yi ta tsokanata, in na ci ya ce iska ce ta ɗaga masa kati. Allah ya jiƙan sa."

"Jiya ƙarfe huɗu?"

"Nan, a kujerar can. Mutum talatin sun gan ni. Har na zubar da shayi a rigar matar likita, ta zage ni. Ban tashi ba sai da aka yi ihu."

"Bayan azahar fa?"

"Ƙailula, kamar kowa."

"Wa ya ciro agogon?"

"Ni na ce a duba aljihunsa, ya sidi. Na ce agogo ba ya ƙarya."

Sufeto ya tambayi mutum shida. Duka sun gan shi ƙarfe huɗu. Matar likita ta gan shi fiye da kowa.

Saura matar marigayin. Hajiya Mastura tana ɗakinsu, ta lulluɓe, tagar nan mai zagaye a buɗe. Sufeto ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa.

"Likita ne ya ce ya huta," in ji ta. "Shekara arba'in bai rufe shago ba. Ka ga yadda ya ji daɗin jirgin nan? Da asuba ya fita ya ga masu wanke dandamali. Ya sa an koya masa ɗaurin igiya. A Adan ya sayo mini mangwaro kwando guda, shi ya shanye rabi."

"Hajiya, jiya bayan azahar ya shigo?"

"Bai shigo ba. Na ɗauka yana wurin kankanarsa."

"Akwai abin da ya dame shi?"

Ta gyara lulluɓinta. "Shekaranjiya ya ƙi cin abinci. Na tambaye shi, ya ce, Mastura, kwana bakwai ina karta da mamaci. Na ce ya yi a'uzubillahi. Bai ƙara ba."

Sufeto ya fito da agogon ya ɗora a tafin hannu. "Nasa ne?"

Ta leƙo. "Nasa ne. Na mahaifinsa." Ta ƙara matsowa. "Wannan kuma wa ya taɓa shi?"

"Faɗuwa ce ta tsayar da shi. Ƙarfe huɗu da minti goma."

"Wane ƙarfe huɗu, ɗana? Ƙarfe huɗun Alhaji ai hantsi ne, yana can yana karta. Shi bai taɓa bin agogon jirgi ba. Ya ce na Nasara ne. Kullum magariba sai mu fito nan baranda mu biyu, ya jira rana ta nutse cikin ruwa, ya mayar da shi sha biyu daidai. Ya fi son wannan a kan komai a tafiyar."

Sufeto ya sake duban agogon.

A Jidda ta wancan zamani haka ake ƙidaya. Rana ta faɗi, ƙarfe sha biyu ke nan, a fara sabon lissafi. Azahar wajen shida, la'asar wajen tara da rabi. Sufeto ya ɗauka tsohon ya juya agogonsa da ya hau jirgi, kamar sauran fasinja. Da faɗuwarsa da yamma ce ta tsayar da agogon, da wajen goma zai nuna, ba huɗu ba. Hannu ne ya kai shi huɗu. Kuma hannun wanda bai san abin da yake kallo ba.

Ya sa kurtu ya kawo Rafi'u falo, ya kira kyaftin, ya kira Abdulwahid. Aka rufe ƙofa. Fankar sama tana juyawa, ba ta kawo iska.

Sufeto ya zauna kamar wanda ya gaji. Ya tura wa Abdulwahid takardunsa.

"Tayyib, mun gama. Ka yi haƙuri da ɓata maka rana. Akwai masu taryarka?"

"Babu, zan ba su mamaki."

"Za a yi wa Alhaji salla bayan magariba. Za ka zo?"

"Dole na zo."

"Ka san lokacin? Ƙarfe nawa ake magariba a gida?"

Abdulwahid ya ɗan dubi taga. "Yanzu da zafi, wajen shida da rabi. Ko bakwai saura."

Kurtun da ke bakin ƙofa ya ɗago kai. Sufeto ya juya gare shi.

"Kai, ƙarfe nawa ake magariba a Jidda?"

"Sha biyu, ya sidi."

"Da sanyi fa?"

"Sha biyu. Kullum sha biyu ne."

Sufeto ya janye takardun ya mayar gabansa. "Ba ɗan Bagdadiyya da zai ba ni amsar da ka ba ni, ko barci yake. Shekara uku ba ta goge wannan. Ka buɗe agogon tsoho bayan azahar, ka ga bakwai da rabi, ka ce agogon tsofaffi ne, ya rikice. Ka kai shi huɗu, ka buga shi da ƙarfe, ka je ka zubar wa matar likita shayi don a tuna da kai. Wane ne kai?"

"Ya sidi, sunana yana rubuce..."

"Yanzu zan aika Bagdadiyya a zo da mutum biyar daga gidan Hamad. Su faɗa mini."

Fanka ta yi ta juyawa. Matashin ya dubi ƙofa, ya dubi kurtu. Sai ya zauna, ba wanda ya ce ya zauna.

"Usuman," in ji shi. Muryar ta sauya, Hausar Sudan ta fito fili. "Ɗakinmu ɗaya da Abdulwahid a Bur Sudan. Zazzaɓi ya kashe shi bara, ni na wanke shi. Takardunsa suna cikin akwati, mun yi kama. Sau uku ina neman shigowa ana mayar da ni. Aka ce fasinjan jirgin masu kuɗi ba a tsananta musu bincike."

"Alhaji fa?"

"Shi ya yi wa Abdulwahid huɗuba ranar suna. Ban sani ba. Ya yi ta tambayata gidan wane, shagon wane, yana raba karta yana murmushi. Jiya ya kira ni bayan jirgi don kada kowa ya ji. Ya ce uwar yaron tana raye, kullum tana aike tasha a duba mata. Ya ce ba zai kai ni ƙara ba, amma zai gaya mata ɗanta ya rasu. Na roƙe shi. Na riƙe rigarsa ina roƙo. Ya ce in sake shi." Ya dubi hannuwansa. "Na sake shi."

"Ka sake shi ko ka tura?"

Usuman bai ɗago ba. "Na tura."

"Shi kuma wannan bawan Allah?" Sufeto ya nuna Rafi'u. "Ka san inda za a kai shi?"

"Na sani."

Rafi'u ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa. Kyaftin ya ninke takardarsa ya sa aljihu.

Kurtu ya sa wa Usuman ankwa. Suka fito da shi ta gaban kujerun zane, fasinja na ja da baya da akwatunansu. A kan matakalar sauka ya tsaya. Fararen gidajen Jidda ne a gabansa masu tagogin katako, da hasumiyoyi, zafi yana rawa a kansu.

"Ita ce wannan?" ya tambaya.

"Ita ce," in ji Sufeto. "Yalla, sauka."