Wa Ke Sayen Biskit ɗin Auta?

Kanti na bakwai ke nan da Auta ta shiga a wannan makon, rungume da kwalin biskit ɗinta na citta kamar mai kai jariri asibiti. Shidan farko duk amsa ɗaya suka ba ta: "Ki bar mana lambarki." Ta bar lamba har ta gaji, waya ko tari ba ta yi ba.

Aka nuna mata wani ɗan ofis a baya, kusa da inda ake sauke kaya. Mai karɓar sabbin kaya saurayi ne da abokan aiki ke kira Dogo, kuma ba su yi masa sharri ba, don sai da ya sunkuya kafin ya fito ƙofar. Ya ɗauki fakiti ɗaya ya juya, ya duba ranar da aka gasa da ranar da zai lalace, ya matsa ledar ya ji ko iska na fita. Sai ya ɗago ya dubi mai biskit ɗin, nan take ya manta abin da zai ce.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala ne?" in ji Auta.

"A'a... wato... babu."

"To ba za ka ɗanɗana ba?"

Ya gutsira. Citta ta shaƙe shi, ya yi tari har da ƙwalla, sannan ya ce, "Kai, ya yi daɗi!" Alhali Dogo ba ya cin citta, ko a shayi aka sa masa sai ya ture kofin. Ƙaryarsa ta farko ke nan, kuma da a nan ya tsaya da an yafe masa.

Ya zayyana mata ƙa'idar kantin. Sabon kaya gwajin mako huɗu ake yi masa, a kantar da ta fi kowace kusa da ƙasa. Duk Litinin manaja zai duba kwamfuta. In kwali ɗaya, fakiti ashirin da huɗu, bai ƙare a mako ba, sai a kira mai kaya ya zo ya kwashe abinsa.

Auta ta ce ta amince. Ba ta da zaɓi ma. Babanta ya riga ya gindaya mata sharaɗi: in wata ya ƙare babu kantin da ya riƙe kayanta, za a fitar da injin gashin da ya cinye rabin kicin, ta je ta karɓi aikin ofis da kawunta ya samar mata. Ita kuwa ko sunan ofis ɗin ba ta son ji.

Zuwa Juma'ar farko, fakiti biyu kacal aka saya. Dogo ya tsaya gaban kantar yana kallon sauran, ya tuna yadda idonta ya yi haske da ya ce an karɓa. Da ya tashi aiki ya cika kwando da su, ya nufi wurin kashiyar ƙarshe. Wannan kashiyar kuwa shekara guda ke nan tana yi masa fari da ido bai taɓa lura ba. Ta lissafa masa kayansa, ta kuma lissafa wani abu a ranta.

Ranar Litinin saƙon Dogo ya shigo wayar Auta.

"Albishirinki. Kwalin ya ƙare kaf. Ki kawo wani."

"Don Allah da gaske? Su waye suke saye?"

"Jama'a."

"Waɗanne irin jama'a? Mata ko maza?"

"Masu hankali. Kin ci abinci kuwa?"

Daga nan zance ya bar kan biskit. Kafin mako na biyu ya fita, ya koma kiranta Cittata, ita kuma ta ajiye "ranka ya daɗe" ta ɗauko Dogona. In ta kawo kaya shi ke ɗaukar mata kwali tun daga bakin titi, su tsaya tsakanin buhunan sukari suna hira har mai gadi ya yi gyaran murya.

"Cittata, kin san tun da kika fara zuwa ban ƙara makara ba?"

"To ai sai manaja ya riƙa biyana albashi."

Amma wani abu ya tsaya wa Auta a rai. Ta sa lambar wayarta a bayan kowane fakiti, ga shi kwali biyu sun tafi, babu wanda ya taɓa kira ya ce ya yi daɗi, ko ya ce citta ta yi yawa. Ranar Asabar ta uku sai ta zo ba ta faɗa wa kowa ba, ta laɓe a layin sabulu tana juya ƙwaya ɗaya a hannu, idonta na kan kantarta. Awa uku cur babu wanda ya sunkuya. Wata dattijuwa ce kawai ta duƙa, zuciyar Auta ta buga, ashe takalminta take gyarawa.

Litinin da ta dawo, kantar wayam.

Kan Auta ya ɗaure tamau. Ta tambayi mai shara ko ɓera na shiga layin, matar ta ce a gaya mata ɓeran da ke tafiya da leda. Ta tambayi mai gadi ko ana sata, ya ji haushi. Tana tsaye tana zare ido sai kashiyar nan ta yafito ta, murmushi har kunne.

"Ke ce mai biskit ko? Baiwar Allah, daina wahalar da kanki. Kwastomanki ɗaya ne tal, ga shi can yana jera madara."

Auta ta dubi Dogo daga nesa, ta juya ta fita. A cikin mota ta rubuta masa:

"Na ɗauka mutane ne ke son abin da hannuna ya yi, ashe tausayina ake ji. Har na yi wa Baba alfahari. Gara a kore ni da gaskiya da a riƙe ni da ƙarya. Makon ƙarshe kar ka taɓa ko fakiti ɗaya. Kuma kar ka kira ni."

Ya amsa: "Na yi kuskure, Cittata. Tsoro na ji kar a kwashe kayanki na daina ganinki. Zan faɗa wa manaja komai yau."

Ya kuwa faɗa. Manaja ya wanke shi tas, ya ce a goge makonni ukun, na huɗu shi kaɗai ne hukunci.

Abin da Dogo bai gaya wa Auta ba shi ne a gida ma wuta ce ke ci. Tun kwana huɗu da suka wuce Ummansa, wadda malamar makaranta ce, ta shiga ɗakinsa neman guga ta tarar da fakiti kusan hamsin, wasu ƙarƙashin gado, wasu saman sif.

"Kai da ko warin citta ba ka so? Wace ce wannan da tun ba a je ko'ina ba ta juya maka kai?"

"Umma, ba ta ma sani ba."

"Ta sani, ba ta sani ba, ni dai ban yarda ba. Kar na ƙara jin zancenta a gidan nan."

Ta tattara fakitin kaf a buhu, ta kai ɗakin malamai ta zube a tebur, ta ce su cinye don ita ba ta son sake ganinsu.

Mako na huɗu Auta ta aiko da kwali, ba ta zo da kanta ba. Kwana uku tana zaune gaban injin gashinta a kashe, tana kallonsa kamar mai sallama da shi. Tana fushi da Dogo, tana kuma duba waya ko ya karya dokar ya kira. Bai kira ba, wannan ma ya ba ta haushi.

Ranar Alhamis ta kasa haƙuri ta je. Kantar babu ko fakiti ɗaya. Ta same shi a layin shayi.

"Ba na ce kar ka saya ba?"

"Wallahi ban taɓa ba! Ni ma tun jiya nake tunanin ko Babanki ne."

"Baba? Baban da ke ƙirga kwanakin fitar da injina?"

"To ko ke ce?"

"Ni zan sayi kayana? An gaya maka kowa irinka ne?"

Suka ɗunguma wurin kashiya. Kashiyar ta taɓe baki ta ce, "Ni ma da na so a ce shi ne, amma ba shi ba ne. Wasu mata ne suke ta zuwa, kowace da jaka cike da littattafan ɗalibai."

Ba ta rufe baki ba sai ga mata uku sun shigo, kai tsaye suka nufi kantar ƙasa suka duƙa. Ɗaya ta miƙe ta ce, "Ikon Allah, ya ƙare kuma? Ina mai kula da nan? Biskit ɗin cittar nan muke nema, wanda aka kai mana ɗakin malamai."

A bayansu akwai ta huɗu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ita ma tana leƙen kantar.

"Umma?" in ji Dogo.

"Sabulu na zo saye," ta ce da sauri.

"Umma, layin sabulu yana can ƙarshe."

Malaman suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Ai ita ta fi mu ci. Tun da ta tsoma ɗaya a shayi take ɓoye mana sauran a durowa."

Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na murna ba ne ko na gajiya. Umma ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ke ce mai hannun nan? Tashi, 'yata. Shi wannan sakaran ya tara abin arziki a ƙarƙashin gado, ya hana mutane su ci."

Ranar Litinin manaja ya sa aka ɗago biskit ɗin zuwa kantar da ke daidai ido, ya ce a riƙa kawo kwali uku. Injin gashi ya zauna daram a kicin.

Da Dogo ya je gaida Baba, tsohon ya tura masa faranti cike da biskit ya ce, "Na ji kai ne babban kwastoma. Bismillah." Dogo ya dubi farantin, ya dubi Auta da ke leƙe ta labule, ya ce, "Baba, gaskiya ba na iya cin citta." Baba ya yi dariya har da buga gwiwa. "Yauwa. Da ka ci, da ban ba ka ita ba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Iyaye suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ta gari, ya ƙara buɗi a kasuwa. Umma ta ce amin, jakarta cike da fakiti.

Har yau duk ranar gashi, Auta kan ware tire ɗaya ƙarami da ba ta sa wa citta. Ba ta sa shi a leda, ba ta manna masa lamba, ba ya zuwa kanti. Mai cinsa mutum ɗaya ne tal, kuma wannan karon ta san ko wane ne.