Wadda Ta Amsa a Rijiyar Matuƙa

Rana ta faɗa teku, motocin 'yan yawon buɗe ido sun watse. Pu Dehai na zaune gaban shinkafa da kifi, sai dutse ya faɗo kan rufi. Ya fita ya ɗauka. A jiƙe yake, yana ƙarnin teku. Wani dutsen ya sake faɗowa. Ba kowa a lungu.

'Yarsa Yuzhen ba ta taɓa abinci ba. Ita ke kai baƙi tsohuwar rijiyar matuƙa jirgi da ke bakin gaɓa. Dehai ne ya ƙaga mata labarin da take ba su, don sarƙoƙin wurin teku da yake sayarwa su sami kasuwa: wai wata Lanyi ta faɗa ciki tana jiran mijinta, duk wanda ya kira sunanta zai yi sa'a. Kullum Yuzhen ke fara leƙawa ta kira.

"Yuzhen, ci mana," in ji uwarta.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ruwa na ɗiga daga gashinta, ba ta kuwa yi wanka ba.

"Lanyi," Dehai ya ce a hankali.

"Na'am," in ji yarinyar.

Uwar ta dube shi. "To, ga sa'ar taka nan, mai wuri."

Daga ranar, duk magariba sai yarinyar ta nufi rijiya, sai an danne ta. Aka ɗauko Liman Jiang, tsoho mai ruƙiyya. Ya yi ta karatu har turare ya cinye.

"Wace ce ke?"

"Tun kafin a kafa garin nan nake ciki, ba ni da suna." Muryar ta fito daga bakin Yuzhen, kamar daga cikin tulu. "Aka yi ta kira. Na amsa."

"Ƙarya ce fa!" Dehai ya ce. "Ni na ƙaga ta!"

"Ka gina ɗaki, ka bar shi ba kowa. Na shiga."

"Sakar masa 'ya," in ji Liman.

"Ku daina kira, in daina zuwa. In aka sake kira, da ita zan koma."

"Mun yarda," in ji Dehai.

Yuzhen ta yi atishawa, ta zube. Can ta nemi ruwa da muryarta.

Da safe Dehai ya ɗauki katako da ƙusa don ya rufe rijiyar. Mota ta riga shi. Baƙi sun kewaye wurin ba jagora, suna karanta labarin a waya, suna dariya. Ya yar da katako ya ruga yana ihu, amma rairayi ba ya barin tsoho gudu.

Wata mata ta leƙa, ta buɗe baki.