Ƙofar da Ake Kullewa ta Waje

An tashi daga sujada ranar Lahadi, ana ta turereniya a bakin ƙofar coci, sai aljihun rigar wani dogon saurayi ya maƙale a ƙusar benci, ya yage ɓarrr har ƙasa.

Wata budurwa tana bayansa. A kamfanin ɗinkin da take aiki, kowa da abin da yake ɗinkawa ake kiransa. Akwai Mai Hannu, akwai Mai Maɓalli, ita kuwa 'Yar Aljihu. Ba ta da yawan magana, amma allura ba ta rabuwa da jakarta.

"Tsaya in kama maka," ta faɗa, murya can ƙasa.

Ya tsaya ƙiƙam kamar wanda za a yi wa allura. Tana juya bakin aljihun ta ga ɗinki biyu a kusurwa, yadda ita kaɗai take yi don kada ya saki.

"Ni na ɗinka wannan."

"To ashe ke zan kai ƙara," ya ce yana dariya. "Malama Shiru-shiru, ashe kina magana?"

Dogo ake ce masa. Shi ke kiɗa wa mawaƙan coci jita, ranakun aiki kuma shi ke jan motar da ke kwaso kaya daga kamfanin zuwa shagon mamarsa. Kamfanin na kawunsa ne, yayan mamar. Wannan ba ta sani ba sai da zuciyarta ta riga ta tafi.

Kullum da rana saƙonsa zai shigo, ita kuma sai an tashi take gani, don a bakin ƙofa ake karɓe musu wayoyi.

"Shiru-shiruna, kin ci abinci? Na zo ɗaukar kaya, na leƙa ban gan ki ba."

"Ba tagar leƙawa ai, Dogona. Na ci. Ka tuƙa a hankali."

Abin da ba ta rubuta ba shi ne, da zarar sun shiga da safe ake zuba sarƙa a ƙofar ta waje, a danna kwaɗo. Maneja ya ce don kada a riƙa sulalewa da yadi. Ko banɗaki sai an ɗaga hannu. Ta sha ɗauko maganar, sai ta tuna kamfanin na kawunsa ne, ta haɗiye.

Wata takwas da haɗuwarsu ya kai ta gaban mamarsa. Mama ita ce shugabar matan coci, ita ce kuma ta kawo shawarar a ɗinka wa mawaƙa sababbin riguna a kamfanin yayanta. Ta kalli yarinyar daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya kan yatsunta da allura ta huhhuda.

"Ba laifi," ta ce. "Mu gani."

Ranar wata Laraba wayar dutsen guga ta yi tartsatsi, tarin yadi ya kama. Kafin a ce me, hayaƙi ya cika ɗakin. Mata arba'in suka yi kan ƙofa, suna duka suna kiran sunan Yesu. Mai gadi ya tafi sayen abinci da mukulli a aljihunsa. Da bokitin banɗaki suka kashe wutar. Da hayaƙin ya lafa aka ga Mai Maɓalli a ƙasa, ga tsohon ciki, an tattake ta, hannun dama ya karye.

Maneja ya ce santsi ne ya kwashe ta. Wadda ta faɗi wani abu daban, ta san hanyar gidansu.

Magana dai ta fita. Dattawan coci suka sa taro ranar Lahadi kafin a ba da aikin rigunan, Fasto kuma ya aiko wa 'Yar Aljihu ta zo, tunda ita kaɗai ce 'yar cocin da ke aiki a can.

Ranar Juma'a Mama ta kira ta shago, ta ja ta bayan kanta inda rigunan ke rataye cikin leda.

"Ke yarinya, ki saurare ni da kyau. Yayana shi ya riƙe ni da uban Dogo ya rasu. In kika buɗe baki kika tozarta shi gaban ikkilisiya, ki manta da ɗana. 'Yar maneja tana nan, mai ilimi, mai kunya, ba ta da surutu."

"Mama, ni ma ba ni da surutu."

"To ki ci gaba da hakan."

A gida ma innarta ba ta sassauta ba. "Ke kika ƙulla sarƙar? Ga miji, ga aiki, za ki watsar saboda rigar waƙa? Ki ce ba ki gani ba, Allah ai ya san zuciyarki."

Shi ne abin da ke ba ta tsoro, ya san ta ɗin.

Ranar Asabar ta je asibiti duba Mai Maɓalli. A hanyar dawowa ta hango motar Dogo a ƙofar kamfani, 'yar maneja zaune a gaba tana gyara gashi a madubi. Ta rubuta masa:

"Na gan ku. Ba komai. Gobe zan faɗi abin da na gani, daga nan ba sai ka sha wahalar zaɓe ba."

Ya kira sau shida, ta kashe wayar.

Taron a ƙaramin ɗakin bayan coci aka yi. Dattawa biyar, Fasto, Mama da jakarta a cinya, ga samfurin rigar mawaƙa shuɗiya shimfiɗe a kan tebur. Dogo na jingine a bango, ta ƙi kallonsa.

"'Yata, kada ki ji tsoro," Fasto ya ce. "Ana kulle ku?"

Ta kalli rigar. Ta san wadda ta dasa maɓallan nan, jiya ta ba ta ruwa a baki da cokali.

"Ana kulle mu, Baba. Ta waje." Ta faɗi sarƙar, ta faɗi hayaƙin, ta faɗi yadda aka tattake mai ciki. "Ni dai ba zan iya zama in ji ana yabon Ubangiji cikin rigar nan ba. Na san yadda aka yi ta."

Mama ta miƙe. "Wa ya shaida? Yarinyar da ko shekara biyu ba ta yi a wurin ba za ta ɓata sunan mutum?"

Dattawa suka kalli juna.

"Ni na shaida, Mama."

Dogo ne. Ya baro bango.

"Shekara uku ina ɗaukar kaya a can. Duk zuwan da zan yi sai na jira mai gadi ya kwance sarƙar nan. Na ɗauka don ɓarayi ne, ban taɓa tambayar kaina wa ke ciki ba. Jiya kika haɗa ni da 'yar maneja mu kwaso kaya, na zagaya ginin gaba ɗaya. Ba wata ƙofa, Mama. Guda ɗaya ce." Ya juyo ya kalli 'Yar Aljihu. "Wata takwas ina tambayarta ko ta ci abinci."

"Kawun naka za ka ci wa mutunci?"

"Ki gafarce ni. Amma ita zan aura, kuma motar nan na ajiye ta sai an cire sarƙa."

Mama ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama babu.

Dattawa suka janye aikin, suka kai maganar gaban hukuma. Ranar Litinin aka sallami 'Yar Aljihu. Bayan sati uku aka cire sarƙar, aka fasa bango aka yi ƙofa ta biyu, amma ba wanda ya ce ta dawo. Ta karɓi aron keken ɗinki ta kafa a barandar innarta. Dogo ya koma jan motar haya. Mama kuwa ko gaisuwarsu ba ta amsawa.

"Shiru-shiruna, kina nadama?"

"Ina jin tsoro dai. Kai fa?"

"Ni ma. Amma ba inda za ni."

Wata huɗu ana haka. Wata safiya tana kan keke, inuwa ta faɗo kan ɗinkinta. Mama ce, da ƙunshi a hammata. 'Yar Aljihu ta zame ta durƙusa.

"Tashi." Mama ta zauna a kan benci. "Na je na ga matar nan. Ta haihu, mace. Hannun bai miƙe ba, sai an ɗora mata jaririyar a cinya." Ta kwance ƙunshin, farin yadi ne. "Wajen masu saƙa na saya, na ga ɗakinsu da idona, ba sarƙa a ƙofa, na yi ta tambaya har suka gaji da ni. Ki ɗinka rigar aurenki. Kada ki matse ta, ba na son rawar kai."

'Yar Aljihu ta karɓi yadin da hannu biyu, ta rungume shi.

Ranar auren mawaƙa suka tsaya cikin tsofaffin rigunansu da suka koɗe, suka rera har rufin coci na amsawa. Bayan Fasto ya haɗa hannayensu, Mama ta taso da kanta ta dafa kawunansu.

"Ubangiji ya sa albarka a gidanku, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu tsoronsa. Ke kuma 'yata, in kin ga na kauce, ki faɗa mini. Amma a ɗaki, ba gaban dattawa ba."

Coci ya ɗauki dariya, aka amsa da amin.