Na'urar Da Ta Daina Jin Juma'a

Ranar Alhamis da hantsi Injiniya Lauratu ta shigo ofishin 'yan sanda na unguwar New Bell riƙe da wani ƙaramin akwatin roba. Ta ajiye shi gaban Sufeto Saminu, ta buɗe. Babu komai a ciki.

"An kwashe cikin, an bar mini kwanson a bango," ta ce.

Saminu ya san akwatin. A shekarun nan da rikici ya koro mutane daga Bamenda da can Arewa, unguwar Hausawa ta cika har masallacin layinsu ya kasa ɗaukar jama'a, aka ɗora wa mata bene a sama. Da bango ya fara tsagewa, hukumar gari ta turo Lauratu ta manna na'ura a jikin ginshiƙin da ke ɗauke da benen. Aikin na'urar ta ji motsin ginin da karkacewarsa, ta aika wa Lauratu a waya. In ta nuna haɗari, a rufe benen.

"Yaushe aka sace?"

"Abin kunyar ke nan, ban sani ba. Ba ta daina aiko saƙo ba, kullum lafiya lau, ni kuma ina ta jin daɗi." Ta sunkuyar da kai. "Da, duk Juma'a in mata suka hau, layin nan na wayata rawa yake yi. Tun bayan babbar salla na'urar ta daina jin Juma'a. Yanzu wani bugu take ji safe da yamma, a jere."

Saminu ya miƙe tsaye. Gobe Juma'a, kuma mahaifiyarsa, Inna Zaituna, a sahun farko na benen take tsayawa.

Suka je masallacin, suka tarar da Malam Ɓoɓɓo, ladani, yana sharar tabarmi.

"Masu babur ne, mon inspecteur," ya ce tun ba a tambaye shi ba. "Waɗannan ko takalmin liman ba su bari."

Saminu ya hau tsani ya duba ginshiƙin. Lauratu ta ce ta tarar an mayar da kusoshin akwatin tsaf. An cike tsagar da siminti, an shafa fenti daidai launin bangon.

"Malam, ka taɓa ganin ɓarawon da ke yi wa mutane fenti kafin ya tafi? Wa ke da makullin sama?"

Ɓoɓɓo ya kalli tsintsiyarsa. "Ni. Sai Alhaji Ɗantani."

Saminu bai so jin sunan ba. Alhaji Ɗantani magini ne, shi ya ɗora benen kyauta don Allah, liman na sa masa albarka kowace Juma'a. Aminin mahaifin Saminu ne kuma, shi ya shiga kabari ya karɓi gawarsa.

Kafin komai Saminu ya biya gida.

"Inna, gobe kar ki hau sama."

"Kai ma?" ta ce. "Haka Alhaji Ɗantani ya hana matarsa Hapsatu da 'ya'yanta tun bayan salla, wai matattakala na ɓata mata gwiwa. Matar da ke zuwa kasuwar Marché Central da ƙafa, ta dawo ta yi daka safe da yamma."

Saminu ya miƙe bai taɓa abincin da ta zuba masa ba.

Da la'asar ya yi sallama a gidan Alhaji, Lauratu na biye da shi. Tun daga zaure ake jin taɓarya. Lauratu ta nuna masa wayarta. Duk saukar taɓarya, layin sai ya yi tsalle.

Alhaji ya fito da fara'a. "Saminu ɗana. Lafiya, da rakiyar injiniya?"

"Baba, na'urar masallaci muke nema."

"Ni da ko wayata jikoki ke buga mini? Ban san ta ba."

"To a ba mu izini mu shiga ciki."

Hapsatu, matarsa, na tsaye kan turmi. A bangon madafa, bayan wata katuwar tukunya, na'urar na manne, ƙaramar fitilarta na kyaftawa. Manni ne na gwani, babu ko karkata.

"Wannan ai maganin ɓera ne," in ji Hapsatu. "Alhaji ya ce kar a taɓa."

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya zauna a kan dakali, ya cire hula.

"Me ya sa ba ka fasa ta ba?" Saminu ya tambaya.

"Yarinyar nan ta ce in ta yi shiru za su zo dubawa. Sai na nema mata bango mai lafiya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Lokacin aikin rodi ya yi wuya, na rage a ginshiƙin, na ce zai ɗauka. Da na ga tsagar na faɗaɗa na san ƙarya nake yi wa kaina. Na ce zan gyara a ɓoye. In aka rufe benen, da wane ido zan kalli mutanen da ke yi mini addu'a?"

"Amma ka hana iyalinka hawa," in ji Saminu.

Hapsatu ta jingine taɓarya, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Duk Juma'o'in nan ita ke tsayawa a ƙofar gida tana ce wa ƙawayenta su yi mata addu'a a sama.

Kunya ta rufe Saminu kamar shi ya yi laifin. Ya kasa ciro ankwa.

"Baba, mu je komisariya, ofishinmu. Lauratu, ki sa wa benen kwaɗo yanzu, kar ki jira gobe."

"A fita da ni ta baya, ɗana," Alhaji ya roƙa.

Gidan ba shi da ƙofar baya, shi da ya gina shi ya fi kowa sani. Suka fito ta zaure. Layi ya riga ya cika, Malam Ɓoɓɓo ya gama aikinsa na yaɗa labari. A gaban jama'ar Inna Zaituna na tsaye da carbinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji," ta ce, "ranar da ka gaya wa Hapsatu kar ta hau, ai gidana ba nisa."

Alhaji Ɗantani ya rufe fuska da hularsa. Saminu ya kama hannunsa a hankali, ya buɗe masa ƙofar mota.