Muryar Inno a Lungun Bayan Gida

Ana gab da kiran magariba na ɗauki tsohon buroshi da tocila, na zagaya bayan gidanmu a Roni don in share ragar fanka. Aikin minti biyar ne. Da haushi a cikina na tafi, domin kwana uku ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa ni da Yaya Ahmad ba.

Bari in faɗi abin da ya haɗa mu.

Inno, mahaifiyarmu, ta rasu bara. Babban abin da ta bar min muryarta ce. Shekara shida ina ɗaukar ta a waya: waƙoƙin raino da Fulatanci, sunayen shanun kakanmu, har faɗan da take yi wa awaki. Guda ɗari uku da sha biyu. Ran da wayar ta faɗa bokitin wanki, da ƙyar wani mai gyara a Kazaure ya ciro min su. Daga ranar na rantse ba zan ƙara ba waya amana ba.

Ni malamar kwamfuta ce, kuma ina da taurin kai, ban musa ba. Na samo tsohuwar kwamfutar tebur, na sayo faifan ajiya biyu a Kano, na haɗa su yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai hau ɗayan, in wannan ya mutu wancan na nan. Na jona ta da batirin sola da wayifai, kowa a gida ya iya sauraron Inno daga wayarsa. Saba ke nan, ta kaina, a ɗan ɗakin da Inno take ajiye ƙorai.

Da bazara ta kama, faifan suka riƙa ɗaukar zafi kamar kasko. Sai na ɗauki guduma na huda katangar ɗakin ƙasa-ƙasa, na dasa fanka da raga, hucin ya riƙa fita dare da rana zuwa lungun da ke tsakanin katanga da dutse, inda ko akuya ba ta bi. Na ji daɗin dabarata ƙwarai.

Bayan sati biyu na ƙirga, na ga ɗari uku da biyar.

Na duba inda na'urar ke rubuta duk abin da aka yi a cikinta. Kullum da magariba ake gogewa. Kuma faifai na biyun da nake tinƙaho da shi, da an goge a ɗaya shi ma sai ya goge, ɗan biyayya.

Nan take raina ya ba ni Yaya Ahmad. Shi ke da lambar sirri bayan ni. Shi ne kuma kullum yake ce min, "Ma'u, ki bar baiwar Allah ta huta. Addu'a take bukata, ba saurare ba." Na canza lambar. Aka goge. Na cire wayifai gaba ɗaya. Aka goge biyar. Na sa wa ɗakin kwaɗo, na rataya makullin a wuyana, aka goge ashirin a yammaci ɗaya. Na ce lallai ya yanka wani makullin. Har sawun takalminsa na riƙa dubawa a ƙofar.

Na tare shi a zaure gaban matarsa.

"Yaya, in ba ka son ji, ka toshe kunnenka. Me ya kai ka goge min uwa?"

Ya dube ni. "Ni ma uwata ce, Ma'u," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

Ban ji kunya ba a lokacin. Na ce borin kunya yake yi.

To a yammacin da nake ba ku labari, saura arba'in.

Lungun matsattse ne, sai da na karkata na shiga. Dutse a hagu, katanga a dama. Tun daga baki nake jin kukan fankar, vuuu. Hucin ya doki ƙafafuna.

Sai wari. Ƙaurin gashi, irin na babbakar kan rago. Na ce ko ɓera ne ya maƙale a ragar.

Na tsuguna. A masallacin unguwa ladan ya ƙwanƙwasa lasifika sau biyu. Awakinmu da suke ta koke-koke suka yi tsit lokaci ɗaya.

Sai na ji kukan jariri. Can ƙasa, a dishe, kamar wanda ya kwana yana yi.

Sannan Inno ta fara waƙa.

Na san wannan ɗaukar. Ranar kasuwa na yi ta. Ga zakaran nan da ya yi cara a tsakiya, ga luguden maƙwabta a bayanta.

Wallahi ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Na ce yau na kama shi, ya ɓuya da wayarsa a nan.

"Yaya," na ce a hankali, "fito."

Na kunna tocila.

A jikin dutsen, daidai saitin ragar, akwai wata tsaga da hannuna ma ba zai shiga ba. A cikinta mace take zaune.

Ban san yadda ta shige ba. Ta miƙe ƙafa, kanta a sunkuye, gashi ya rufe mata fuska har cinya. Bakinta a buɗe. Leɓɓanta ba sa motsi. Daga cikin bakin muryar Inno take fitowa, har da zakaran.

A cinyarta jariri ne kwance rub da ciki. Bayansa ya saɓule, ja jawur. Shatin ragata ne a jiki, gida-gida.

Waƙar ta ƙare. Ta haɗiye wani abu. Jaririn ya yi shiru.

"Ke ce mai wutar," ta ce. Muryarta kamar ana jan tsintsiya a kan siminti.

Na kawar da hasken tocilar daga kan yaron.

"Wata biyu kina hura mana."

Ni da Inno ta koya wa cewa ko ruwan zafin tuwo ba a zubarwa a ƙasa sai da bisimilla, saboda akwai masu zama inda ba ma gani. Na huda katanga, na saki wuta dare da rana, ban ce uffan ba.

"Ban sani ba," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji.

"Kin tambaya?"

Na girgiza kai.

"Ba ya barci sai da tsohuwar nan. Tana da sanyi."

"Uwata ce. Ita kaɗai ta rage min. Don Allah."

"Shi ma shi kaɗai gare ni."

Ta ɗago kai. Gashin ya rabu. Ban ga ido ba, amma na san wuyana take kallo.

"Saura talatin da tara. In sun ƙare..."

Hannunta ya fito daga tsagar. Ya yi ta fitowa. Ba gwiwa.

Yatsu biyu suka sauka a maƙogwarona, sanyi ƙalau.

"Taki irin tata ce."

Ladan ya ɗaga murya.

Na buɗe baki in nemi tsari. Ba abin da ya fito.

Na ja da baya da mazaunai. Dutse ya karce min kafaɗa. Igiyar makullin ta sarƙe, wani abu ya ja ta, ta tsinke.

Da rarrafe na fito.

Ban tsaya neman makulli ba. Taɓarya na ɗauka na doke kwaɗon, na faɗa ɗakin, na fizge igiyar wuta. Fankar ta yi juyi uku ta tsaya.

A nan ƙasa Yaya Ahmad ya same ni, da ruwan alwala a fuskarsa. Yana ta tambaya, ni ina ta nuna masa hujin.

Sati guda ba ni da murya. A takarda na rubuta masa abin da na gani, a ƙasa na rubuta ya yafe min. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Da safe ya kwaɓa ƙasa da kansa, ya yi bisimilla, ya yi sallama a bakin lungun, ya toshe hujin. Sabar muka mai da ita falo kusa da taga.

Na kwafe sauran a filas, ɗan faifan aljihu, Yaya Ahmad ya kai gidan abokinsa a Kazaure ya ajiye. Hakan bai hana komai ba. Duk wadda ta ɓace a nan, in an kunna ta a can sai dai ka ji shuuu.

Amma abin ya ragu, ya koma ɗaya kullum. Duk magariba ina zaune gaban allo ina kallon lissafin yana sauka, hannuna a wuyana. Ban ƙara zargin kowa ba. Yaron nan na riƙa yi wa addu'a, Allah ya ba shi lafiya, kuma ba zan yi ƙarya ba, don kaina nake yi.

Talatin. Goma. Uku. Biyu.

Ran da ya rage ɗaya, Yaya Ahmad ya ƙi tafiya masallaci, ya shimfiɗa darduma a ƙofar falon. Aka kira salla, aka idar. Ɗayar tana nan. Washegari ma tana nan, har yau. Na ce wataƙila yaron ya warke.

Sai bayan kwana uku na iya buɗe ta. Yaya Ahmad, wanda bai taɓa yarda ya saurari ko ɗaya ba, ya ce in ƙara sauti.

Daƙiƙa bakwai ce. Ta ranar farko da na fara ɗaukar Inno.

"Ma'u, ya fara ɗauka? To ni me zan ce?"

Sai ta yi dariya, ta ƙare.

Yaya Ahmad ya goge ido da bakin hularsa.

"Sake kunnawa," ya ce.