Ba A Dariya A Hoton Fasfo

"Ki saki igiyar nan! Meyasa, na ce ki saki!"

Ina! Aikin gama ya gama. Yarinyar ta riga ta fizgo igiyar, doguwar fitilar ɗaukar hoto ta yi layi ta taho kanta gadan-gadan. Mai Hoto ya wurgar da kyamara kan kujera, ya daka tsalle ya tare da hannunsa. Ƙwan fitilar ya tarwatse, tas! Sai ga jini yana ɗiga a kan farin ƙyallen da ake zama a gabansa.

Uwar yarinyar ta finciko 'yarta ta dudduba, ko ƙwarzane babu. Sai ta juyo kansa.

"Zauna."

"Ba komai, Hajiya, ɗan yanka ne kawai..."

"Na ce ka zauna. Sista ake ce min a asibiti, kuma ba a yi min gardama."

Ya zauna. Ta zaro bandeji daga jaka, ta fara tsince gilashin da ya maƙale. Shi kuwa da ya saba ƙare wa fuskoki kallo ta cikin kyamara, yau ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Yarinyar ta matso har numfashinta yana taɓa hannunsa. Shekarunta ba su wuce biyar ba.

"Me ya sa ba ka yi kuka ba?"

"Na ajiye shi sai kun tafi."

"Me ya sa?"

"Ka ji inda ta samo sunan," in ji Sista. "Tun da ta iya magana ban huta ba."

Hoton fasfo suka zo yi. Sista ta sami aiki a wani asibiti a ƙasar waje, ta hanyar yayanta da ya daɗe a can. Mijinta ya rasu tun Meyasa tana goye, don haka su biyu za su tafi. Nata hoton ya fito tun ɗauka ta farko. Na yarinyar ne ya gagara.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya: baki a rufe, ido a buɗe, ba murmushi. Mai Hoto ya yi shekaru yana koyon yadda ake sa yara dariya, bai taɓa koyon yadda ake hana su ba. Da ya ce, "Duba nan!" sai Meyasa ta washe baki, giɓinta ya bayyana.

Kafin su fita ta tsaya gaban wani allo da ya cika bango, maƙil da ƙananan hotuna, wasu har sun koɗe.

"Su waye waɗannan?"

"Waɗanda suka tafi. Babana ne ya fara, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya yi hoton tafiya, sai ya roƙi guda ɗaya ya liƙa."

"Sun dawo?"

"Wasu."

Ta ɗora yatsa a kan wani saurayi mai fiffiken kunne. "Wannan kunnensa irin na Abbana ne, na cikin hoton ɗakinmu."

Sista ta ɗan tsura wa hoton ido, ta ja hannun 'yarta. "Mutum da kama. Mu je."

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa.

"Malam Duba-Nan, kada ruwa ya taɓa hannun. Gobe zan tura ka wurin wankin ciwo."

Ya amsa da hannun hagu: "Sista, ba a canza wa mara lafiya likita a tsakiyar magani. Ki zo da kanki, ki zo da mai laifin, mu sake hoton."

Suka zo. Meyasa ta yi dariya. Suka sake zuwa, ta lumshe ido ɗaya. Wanda ya ɗan yi dama-dama aka kai ofishin biza, aka dawo da shi, wai laɓɓanta sun yi alamar murmushi. Hannu ya warke tas, amma zuwa bai tsaya ba. Yarinya ta ishe shi da tambaya, shi kuma ya ishi uwarta.

"Da gaske ne a can rana takan ƙi faɗuwa?"

"Haka Yaya ya ce."

"To yaushe ake sanin an gaji?"

"Kai ma Meyasa ne, ashe. Duk mutanen nan ka sallama, ba ka taɓa sha'awar bin su ba?"

"Kullum. In na rufe shago nakan tsaya in yi ta tunanin wa ya yi ƙiba, wa ya yi furfura, wa yake kuka a ɓoye. Amma ɗan dako ba ya shiga jirgi, Haskena."

Ta ɗago da sauri. "Wa?"

"Fitilata kika fasa. Dole wani ya maye gurbinta."

Ta ɗauki jakarta suka fita. Amma da ta isa gida ta rubuta: "Ni ban fasa ba, 'yata ce. Sai dai na karɓi aikin."

Zance bai daɗe ba ya isa kunnen Umma, mahaifiyar Sista. Ta same ta a kicin tana wanke kwanoni.

"Wai hoton nan zana shi ake yi da hannu? Ko kuwa abin da nake ji gaskiya ne?"

"Umma, yarinyar ce ba ta..."

"Rufe min baki. Ga Injiniya, abokin yayanki, da gidansa da takardunsa a can, kullum sai ya kira ya gaishe ni. Ke kuma kin liƙe wa mai cewa 'ɗaga haɓa, karkata kai'. Ba ki ga abin da yake yi ba? Da gangan yake ɓata hoton, don lokaci ya ƙure aikin ya wuce ki. Ni na sha wuya da ku, ba zan ga kin zubar da sa'arki a ƙofar shago ba."

Maganar ta kwana tana cin Sista. Mutumin da ya yi wa jarirai hoton fasfo, ya kasa yi wa 'yar shekara biyar? Ga asibitin can sun fara tuntuɓa. Washegari ta shiga shagon ba sallama, tana janye da Meyasa.

"Ka faɗa min gaskiya. Kana ɓata hoton nan ne don kada mu tafi?"

Mai Hoto ya ajiye abin da yake gogewa. Ya juyo ya dube ta.

"Ba na so ku tafi, wannan gaskiya ne. Amma abincina ke nan, kuma sunan babana ne a ƙofa. Ban taɓa ɓata hoto da gangan ba." Ya jawo kujerar. "Zauna, ƙawata."

A zuwan nan da suka yi ta yi ya lura da abu ɗaya. Meyasa ba ta nutsuwa sai in ita aka yi wa tambaya. Ya lura, ya kuma yi ta ɗaga amfani da shi zuwa gobe. Wannan kam laifinsa ne, ya sani.

Ya ɗaga kyamara. Wannan karon bai ce ta duba ko'ina ba.

"Yau ni zan tambaya. Me ya sa kike dariya duk lokacin da zan ɗauka?"

Giɓin ya ɓace. Bakin ya rufe, idanun suka buɗe sosai, suna kallonsa kai tsaye.

Ƙyas!

"Saboda in ya yi kyau za mu tafi," in ji ta a hankali. "Kai kuma ba a yi maka naka ba. Sai ka liƙa mu a bango."

Sista ta dafe bakinta. Injin wanke hotuna ya turo hoton, ga shi nan tsaf, ba abin da wani ofishi zai ce. Mai Hoto ya yanka shi, ya sa a ambulan ya miƙa mata duka, bai cire ko ɗaya ba.

"Allah ya kiyaye hanya, Sista."

Kwanaki suka shuɗe, waya shiru. Sannan saƙonta ya shigo.

"Malam Duba-Nan, ka yafe min. Hoton yana jakata, na kasa kaiwa. Ina tsoron in tafi 'yata ta tashi ba ta jin harshen kakarta. Ina tsoron in zauna in yi ta cizon yatsa. Na gaya wa Injiniya ya daina kira. Sauran ban sani ba."

Ya amsa: "Haskena, ni ma tsoro nake. An ce a can inji ne yake ɗaukar hoton fasfo, ka shiga akwati ka fito. Me zan zama, mijin Sista mai jiran ta dawo? Ki ba ni lokaci. Zan tambayi bango."

Haka kuwa ya yi. Ya bi dangin mutanen allon ɗaya bayan ɗaya yana karɓar lambobi, ya yi ta kira. Wani tela ya ce, "Kada ka zo, sanyi har cikin haƙori." Wata malama ta ce, "Ka zo jiya ma." Wani direba ya fashe da kuka da ya ji ana gaishe shi da harshen gida, ya hana a kashe wayar. Amsa ba ta zo ɗaya ba. Sai dai kusan kowa, kafin su yi sallama, sai ya yi ƙorafi iri guda: an yi suna, an yi aure, ba wanda ya iya ɗaukar su yadda fuskarsu za ta fito da haskenta, balle ya san lokacin da ake matsowa da lokacin da ake ja da baya.

Yana cikin wannan ne Umma ta faɗo shagon, mayafi a kafaɗa, fuska a murtuke.

"Kai ne mai riƙe min 'ya?"

"Sannu da zuwa, Umma. Ga kujera."

"Ban zo zama ba."

Bai yi musu ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani kundi ya miƙa mata da hannu biyu. Duk hotunan da suka lalace ne ya wanke manya: Meyasa tana ƙyalƙyala dariya, Meyasa da ido ɗaya, Meyasa ta fito da harshe.

"Ofis ba ya so. Na ce ke za ki buƙace su, in gida ya yi shiru."

Umma ta buɗe shafi ɗaya, ta buɗe na biyu. Sai ta laluba kujerar da ta ƙi ta zauna.

"Kowa murna yake taya ni," ta ce. "Ba wanda ya tuna ni za a bari da ɗaki wayam." Ta share ido da gefen mayafi, ta harare shi. "To, hana ta za ka yi?"

"A'a, Umma. Bin ta nake so in yi, in kin ba ni. Mu je mu gani da idonmu. In ƙasar ta karɓe mu, kullum sai jikarki ta kira ta ishe ki da tambaya da harshenki. In ta ƙi mu, mu dawo mu uku, shago yana nan. Abu ɗaya ne ba na so, a rabu."

"Ka turo manyanka. Kuma ka aske gemun nan ya daidaita, kamar ba mai hoto ba."

Aka ɗaura aure ba da wani dogon shiri ba. Washegarin tarewa suka buɗe shago su huɗu har da Umma, don saura hoto ɗaya. Ango ya hau kujerar da bai taɓa zama a kai ba, amarya ta riƙe kyamara a karkace, Meyasa ta hau benci ta riƙe ƙugu.

"Duba nan! Ba dariya!"

Ya dube su, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Haba, maigida, za su dawo da shi fa."

"To ki daina tsayawa a inda zan gan ki, Haskena."

Umma ta girgiza kai tana dariya. "Allah ya yi muku albarka. Ya sa ku je a sa'a, ya haɗa kanku a can kamar yadda ya haɗa a nan. Ya sa in kun juyo ku same ni."

"Amin, Umma."

Ba su rufe baki ba inuwa ta tare ƙofa. Wani mutum ne dogo, furfura ta fara cin gemunsa, yana jan akwati da takardar jirgi maƙale a hannun akwatin. Mai Hoto ya dubi kunnuwansa, ya waiwaya ya dubi allon, murmushin da ya gagara ɗaukewa ɗazu ya ɗauke da kansa.

"Salamu alaikum. An ce a nan zan sami matar marigayi ƙanena."

Kyamara ta yi nauyi a hannun Sista. Ta san marigayi mijinta yana da wa da ya tafi tun kafin aurensu, aka daina jin ɗuriyarsa. Ba ta taɓa ganinsa ba.

Baƙon ya sauke ido kan yarinyar, ya daɗe yana kallonta.

"Ni ne baffanta. Daga can na dawo, na san abin da na baro. Ku in kun ga dama ku tafi, amma yarinyar nan ba inda za ta."

Meyasa ta sauko daga benci, ta taka har gabansa, ta ɗaga kai.

"Me ya sa?"