Fim Ɗaya Ya Rage

Ni dai an zalunce ni, kuma har gobe ban ga laifina ba.

A daminar 2004 wani manomi a bayan Kadawa ya gwada shuka furen nan mai bin rana, gona guda rawaya zalla. Na ce wannan da fuskata ta dace. Duk Kura wa ya kai Sada Mai Hoto kyan gashin baki?

Na kafa hula, na hau babur da yamma liƙis. Fim ɗaya ya rage a kyamara, kuma nawa ne.

Na tarar da Dattijo, mai sakar wa gonaki ruwa, yana rufe ƙofar madatsa.

"Sada, almuru ta kawo kai. Bari sai gobe mana."

"Baba, hasken yanzu ne ke fito da mutum."

Na kutsa ciki. Furannin sun fi ni tsawo, duk sun ba ni baya. Warin danyen laka. Kukan kwaɗi. Ina kafa kyamara a kan ƙafafunta na ji raɗa a bayana.

"Mai hoto, ɗauke ni."

Wata mata ce tsaye tsakanin karare, ta ja mayafi har haɓa.

To, mu masu hoto muna da dabara. In an dame ka a gidan biki, sai ka haska filasha kawai, fim yana nan. Na haska mata.

"Hajiya, kin fito tsaf!"

Kwaɗi suka yi tsit.

"Ba ka ɗauka ba."

Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Furannin ne ke juyowa, ɗaya bayan ɗaya, duk suna kallona.

Ta ɗaga mayafin.

Babu ido. Babu baki. Baƙin faifai ne cike da ƙwayoyi, suna motsi.

"Tunda ka hana ni tawa fuskar, bar taka."

Hannu mai sanyi ya shafi fuskata, daga goshi zuwa haɓa.

Na zura da gudu. Na bar hula, na bar babur. A bakin ruwa Dattijo ya tsince ni da takalmi ɗaya, yana tofa mini ayoyi.

A madubi ina nan lafiya lau. Amma tun ranar duk hoton da aka ɗauke ni, in an wanke, riga ce da wuya, sama kuma baƙar da'ira. Ko na katin zaɓe sau huɗu aka maimaita, ma'aikacin ya ce in daina motsi.